Saƙar Sitiyarin Alhaji Abdullahi

Kaduna, 9 ga Maris, 2014

Zuwa ga Yaya Hudu, a Gummi.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar wanda aka daɗe ba a gani ba, da fatan kai da mai ɗakinka Sa'a kuna lafiya. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya fara shigowa. Idan ka manta da ni, ni ne Zayyad, ɗan marigayi Alhaji Abdullahi na Anka, wanda shi da Innarka 'ya'yan wa da ƙane ne. Ka ga ke nan abokin wasana ne kai, duk abin da na faɗa maka dole ka haɗiye. Na nemi lambar wayarka, Baba Shitu, babban danginmu, ya ce kada in wahalar da kaina, injin niƙa ya cinye maka kunne ɗaya da rabi. Shi ya sa na koma takarda irin ta mutanen da, zan riƙa ba direbobin Gummi a tasha.

Ga abin da ya sa na rubuto. A-kori-kurar Baba, farar Fijo 404 ɗin nan da ya bar maka amana da zai rasu, wadda ka kai ƙofar gidan Baba Shitu lokacin da za ka tashi daga Dareta, na sa an jawo mini ita Kaduna. Wata huɗu ke nan ina fama da ita a gareji. An sauke inji an gyara, an yi birki, an cire tsatsa, saura fenti. Ranar da ta tashi na zauna a ciki na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa maka. Ka san ban taso a gaban Baba ba, a wajen kawuna na girma. Abin da na sani nasa bai wuce hutun makaranta da motar nan ba.

Sai dai abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Sitiyarin tsirara yake. Ina saƙar fatar nan, ja da baƙa, da Jibo baduku na garinku ya yi wa Baba? Ina zoben azurfa uku da ke jikinta, ɗaya a sama, biyu a inda hannu ke zama? Duk wanda ya san motar a kasuwar Anka da wannan saƙa ya san ta. Da farko na ɗauka rana da ruwa ne suka cinye ta, sai bakanikena ya nuna mini sawun wuƙa a jikin robar. Ya ce wannan ba ruɓewa ba ce, yanka ne. Yadin kujera ma an yaye shi, har da shimfiɗar ƙasa, amma waɗannan ba su dame ni ba, ana samunsu a kasuwa.

Na san halinka na ajiya, duk dangi kai suke ba riƙo. Na ce wataƙila ka cire ta ne ka adana don kada 'yan gwangwan su yi gaba da ita. Idan haka ne, Allah ya saka maka, ka ba mai kawo maka takardar nan. Idan kuma ka yi wa Sa'a awarwaro da azurfar ne, ka faɗa mini in zo in karɓi tukuici.

Naka,
Zayyad Abdullahi


Gummi, 28 ga Maris, 2014

Zuwa ga ƙanena Zayyad.

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso hannuna ranar Juma'a. Na yi murna ƙwarai da jin lafiyarka. Mu ma lafiya muke, Sa'a tana gaishe ka. Ni ina nan bakin fadama ina gyaran injin ban-ruwa, masu albasa ba su barin mutum ya zauna. Ban manta da kai ba. Wa zai manta da yaron da ya yi amai a bayan motar Alhaji tun ba mu fita Anka ba, ya ce wai ƙanshin daddawar Goggo Maiturare ne?

Na ji daɗi da motar ta tashi. Allah ya jiƙan Alhaji, ya riƙe ni kamar ɗan cikinsa, shekara tara ina tuƙa masa ita. Ka gaya wa bakaniken naka ya kula da giya ta biyu, tana fita da kanta idan an hau tudu. Kuma kada ya ɗaure kafireta da yawa, ba ta son haka.

Maganar saƙar sitiyari, ba ta nan. Ba ta hannuna, ba ta hannun kowa. Ina roƙonka kada ka wahalar da kanka wajen nemanta. Jibo ya tsufa, idonsa ya yi rauni, amma hannunsa yana nan. Na je na same shi, ya ce bai manta da wagga saƙa ba, don sau biyu kawai ya taɓa yin irinta. Ka auna mini kewayen sitiyarin da zare, ka auna kaurinsa, ka ƙulla zaren ka sa a cikin takarda. Zan sa ya yi maka wata, ba za ka bambanta ba.

Ka gaishe da mai ɗakinka, duk da ba a gayyace mu biki ba.

Yayanka,
Hudu


Kaduna, 20 ga Afrilu, 2014

Yaya Hudu,

Sallama da gaisuwa. Ina fata zafin bana bai taɓa ku da yawa ba. Ni na yi kwana uku a kwance da zazzaɓi, amma na tashi. Maganar giya ta biyu gaskiyarka ce, bakanike ya yi ta mamaki.

Na karanta takardarka sau huɗu. Ka tuna da aman da na yi shekara ashirin da suka wuce, ka tuna da halin kafireta, amma da aka zo kan abin da na tambaye ka sai layi biyu. Ba ta hannunka, ba ta hannun kowa. To tana ina? Sama ta tashi? Abin da aka yanka da wuƙa ai akwai hannun da ya riƙe wuƙar. Shekara bakwai motar tana cikin gidanka, ba a bakin hanya ba. Da ka ce ɓarayi sun shigo, da na ce Allah ya isa na yi shiru. Amma ka ce kada in nema, kuma wannan kalmar ce ta hana ni sakewa.

Kada ka ce ban yi ƙoƙari ta nan ba. Na zagaya kasuwar Panteka rumfa rumfa. An nuna mini rigar sitiyari ta roba mai ƙyalli irin ta 'yan tasi, an nuna mini mai gashi kamar bayan tunkiya, wani ma ya kawo mini sitiyarin 504 sukutum ya rantse wai ɗaya ne. Wani dattijo da ke sayar da kayan tsofaffin Fijo ya saurare ni har na gama, ya ce abin da nake nema ba kayan kamfani ba ne, in koma gida in tambayi wanda aka bar wa motar. Na ji kunya, don ban iya ce masa na riga na tambaya ba.

Sannan ga wata magana. Na yi waya da Goggo Maiturare a Nasarawa Burkullu, ina gaishe ta, sai zancen ya faɗo. Ta ce shekarun da ake rububin zinari a wajenku, ta ga wani baƙo mai sayen zinari a kasuwar Bukkuyum da faffaɗan zoben azurfa a babban yatsa. Ga yadda ta ce: "Da idona nig gani, Zayyadu. Nac ce wanga zobe kamar na motar Abdullahi, amma ban hwaɗi ma kowa ba." Na san Goggo da ƙarin gishiri, kuma zobe yana kama da zobe. Amma ka sa kanka a matsayina. A shekarun nan baƙi sun cika Dareta, kowa yana saye yana sayarwa, kai kuma kana da injin niƙa dutse a tsakar gida, su ne abokan hulɗarka.

Ban ce ka yi wani abu ba. Tambaya nake yi, kuma ina ganin ɗan mai mota yana da ikon tambaya. Ga zaren na sa, ba don na haƙura da ta asali ba, sai don kada ka ce na ƙi bin maganar babba.

Zayyad


Gummi, 2 ga Yuni, 2014

Ƙanena Zayyad,

Ina gaishe ka, ina yi maka sannu da jiki. Allah ya ƙara sauƙi. Nan an yi ruwan shuka shekaranjiya, kowa ya fita gona. Na jinkirta amsa ne don ina jiran Jibo ya gama.

Ga saƙo nan a cikin ƙunshi. Jibo ya yi sati biyar a kansa. Fatar jar akuya ce, shi ya zaɓe ta da kansa wajen majema, ya yanka ta siri-siri, yana saƙa yana lalube da yatsa. Ya ce a jiƙa ta kaɗan kafin a ɗaura, a ja igiyar daga ƙasa zuwa sama, idan ta bushe za ta kama kamar a jikin aka haife ta. Zoben uku na kai wa maƙerin fari na zana masa a ƙasa yadda suke, ya ƙera. Azurfa ce ta gaske, ka kai a gwada.

Abin da Goggo ta gani ban sani ba. Ban taɓa sayar da ko kusa ɗaya ta motar Alhaji ba, ga baƙo ko ga ɗan gari. Wanga shi ne iyakar abin da zan ce. Kai yaro ne mai ilimi, ka san akwai abin da mutum ke bari a inda ya bar shi. Ka ɗaura wagga, ka yi fentinka, ka shiga motarka da bismilla.

Wasa tsakaninmu halal ne, amma takardarka ta bayan nan ban ji wasa a cikinta ba. Na bar ta a aljihu, ban kai ta gida ba.

Yayanka,
Hudu


Kaduna, 15 ga Yuni, 2014

Yaya Hudu,

Bayan gaisuwa. Muna lafiya, ina fata kuna lafiya.

Ƙunshinka ya iso, ga shi kuma na mayar maka yadda ya zo. Aikin Jibo ya yi kyau, ka gaya masa na gode, laifin ba nasa ba ne. Na buɗe, na ɗora a kan sitiyarin, na ga ya zauna daidai. Amma fatar sabuwa ce fil, tana warin jima. Ta Baba ta yi baƙi a gefe biyu saboda gumin hannunsa na shekara da shekaru. Wannan nake nema, kuma Jibo ba zai iya saƙa shi ba.

Zoben ne ma suka ƙara tayar mini da hankali. Ni ban ce ka ƙera mini azurfa ba. Mai gyaran injin ban-ruwa, a farkon damina, lokacin da kowa ke neman taki, ya tafi wajen maƙeri ya yi zobe uku ba a roƙe shi ba. Me ya sa? Idan ɓata ta yi ba da saninka ba, me ya kai ka ramuwa? Ni abin da na karanta a cikin ƙunshin nan shi ne, karɓi wannan ka rufe bakinka. Kuma ka ce ka ɓoye wa Sa'a takardata. Me ke ciki da ba ka so ta ji? Ko ita ta san inda zoben suka tafi?

Raina ya ɓaci, Yaya, ba zan ɓoye maka ba. Mutumin da Baba ya kira a gadon asibiti ya damƙa masa makulli, ya tsallake 'yan uwansa na jini, shi ne yau yake yi mini kwana-kwana. Ina ba ka daga nan zuwa ƙaramar Sallah. Ka faɗa mini gaskiya komai ɗacinta, ta tsaya tsakanina da kai. Idan Sallah ta wuce ban ji ba, zan kai maganar gaban Baba Shitu, tunda shi ne babbanmu.

Zayyad


Kaduna, 24 ga Agusta, 2014

Yaya Hudu,

Ina gaisuwa. Azumi ya zo ya wuce, Sallah ta wuce da kusan wata guda. Ko barka da Sallah ban samu daga gare ka ba. Duk Asabar sai na je tasha, har direbobin Gummi sun fara yi mini dariya, suna cewa ga mai jiran takardar budurwa.

Shirun nan naka na ɗauke shi amsa. Na rubuta wa Baba Shitu komai, na haɗa masa da takardunka biyu ya sa a karanta masa. Ya yi mini waya jiya. Ya ce maganar amanar mamaci ba a barinta tana yawo a bakin mata, don Goggo ta riga ta kai ta gidaje uku. Ya sa rana, washegarin babbar Sallah, a zaurensa a Anka, bayan la'asar. Za a kira manyan dangi. Ya ce idan ka ce ba ka san komai ba, za a ɗauko Alƙur'ani ka dafa, magana ta mutu, ni kuma in ba ka haƙuri a gaban kowa. Na yarda da haka.

An yi wa motar fenti, ta yi fari tas. Ina tuƙa ta da tsumma a naɗe a sitiyari.

Zayyad


Gummi, 10 ga Satumba, 2014

Zayyad,

Gaisuwa. Takardunka biyu rana ɗaya sunka iso, tare da ƙunshin. Direban da ka ba ta farko motarsa ta lalace a Bukkuyum, ya bar ta wajen gyara da kayan mutane a ciki, ya koma tuƙa ta wani. Sai makon jiya ya tuna. Da ta zo a kan lokaci, wataƙila da na sami abin da zan ce maka. Yanzu ta riga ta fita daga hannunmu.

Saƙon Baba Shitu ma ya same ni. Ban taɓa ƙin kiransa ba, zan zo. Abu ɗaya nake roƙo, ka cire sunan Sa'a daga wagga magana. Ba ta san komai ba, kuma ba ta da lafiyar da za a riƙa kai mata zance.

Hudu


Kaduna, 12 ga Oktoba, 2014

Yaya Hudu,

Assalamu alaikum. Na dawo Kaduna lafiya. Ina fata kai ma ka isa gida lafiya, don na ga ka fita ba ka tsaya cin abinci ba.

Ban san me ya sa nake rubuto maka ba, tunda na samu abin da na nema. Mako guda ke nan ina juya abin da ya faru a zauren nan. Na zo da shirin za ka musa. Na tanadi maganar bakanike, na tanadi ta Goggo. Sai Baba Shitu ya ɗaga murya saboda kunnenka ya ce, "Hudu, kai kac cire abin ga?" Ka ce, "Ni nic cire shi, Baba, da wuƙata." Ya ce, "To shina ina?" Ka sunkuyar da kai. Ya tambaya sau uku. Ya ce, "Saidawa ka yi?" Ka ce a'a. Ya ce, "To hwaɗa muna inda kak kai shi, ko mi ne ne mu ji." Ka dubi ƙofar cikin gida, inda mata suka taru a bayan labule, ka ce ba ka da abin faɗi.

Ka ji abin da ya yanke. Kada wani a dangi ya sake ba ka ajiya, shanun Goggo da ke hannunka a mayar mata, gonar gado ta Anka da kake dubawa a ba ɗan uwanmu Ɗahiru. Na ga yadda mutanen da suke tashi su ba ka wuri suka kawar da kai da za ka fita. Ni ma na wuce ka a ƙofar zaure kana neman takalminka.

Na ɗauka zan ji sanyi a raina, ban ji ba. Na sha ganin wanda aka kama da rashin gaskiya a wajen aiki, yakan yi rantsuwa, ya yi faɗa, ya kawo labari uku. Kai ba ka yi ko ɗaya ba. Har yanzu ina zarginka, kada ka ɗauka na sauka. Amma idan sayarwa ka yi, me ya hana ka ce yunwa ce ta sa? Da an yi maka faɗa an yafe. Me ya fi sunanka tsada da ka zauna aka tuɓe maka shi kana kallo?

Ba don dangi nake tambaya yanzu ba, sun gama nasu. Ni kaɗai ne.

Zayyad


Gummi, 2 ga Nuwamba, 2014

Ƙanena Zayyad,

Wa alaikumus salam. Na iso gida lafiya. An zo an kora shanun Goggo ranar Laraba, lafiyarsu ƙalau, har da maraƙi biyu da ba ta san da su ba. Ina rubuta wagga takarda a bakin fadama, ba a gida ba. Ka karanta ta kai kaɗai.

Ni da Sa'a mun yi shekara takwas ba haihuwa. A ta tara Allah ya ba mu ɗiya mace. Kai ba ka san da ita ba, kana makaranta, kuma ka san ɗan fari ba a zancensa. Ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa ɗaukarta a gaban manya ba. Sai in na shigo gida ba kowa nake ɗora ta a wuya.

Lokacin injin motar ya riga ya buga, tana tsaye a tsakar gidana a Dareta. Da zinari ya zo na sayi injin niƙa na kafa a gefenta. Buhunan dutse a bayanta nake tarawa. Muna niƙa tun safe har yamma, ƙura tana sauka a kan komai, mu kuwa murna muke yi, ba mu san akwai gubar dalma a cikin dutsen ba. Yarinyar ta fara tafiya, ga rijiya, ga bel ɗin inji yana juyawa. Sai Sa'a ta yi dabara. In za ta yi aiki sai ta sa ta a gaban mota, ta rufe ƙofa, ta sauke gilashi kaɗan don iska. Yarinyar tana son wurin. Takan tsaya a kan kujera ta kama sitiyari tana yi da baki kamar mota. Haƙoranta suna fitowa lokacin, komai ta samu sai baki. Saƙar nan ita ce abin cizonta, zoben sama kuma shi take tsotsa saboda sanyinsa. Muna kallo muna dariya, muna cewa direba ta kama aiki.

Yarinyar ta fara suma da bazarar 2010, tare da sauran yaran gari. Kwana huɗu ta yi, Allah ya karɓi abinsa. A makon da munka binne ta, yara biyar anka binne a unguwarmu.

Bayan nan ma'aikatan lafiya sunka zo da wata na'ura da ake ɗorawa a kan abu ta nuna yawan gubar da ke ciki. Sa'a tana gidan iyayenta lokacin. Sun auna tsakar gida, sun auna ɗaki, ko'ina akwai. Ni da kaina na ce su auna mota. Mutumin ya ɗora a kujera, ya rubuta. Ya ɗora a kan saƙar, ya duba, ya sake ɗorawa. Ƙurar shekara biyu ta shige tsakanin saƙar ta zauna, ga maiƙon hannu ya riƙe ta. Sai ya ga sawun haƙora a jikin fatar. Da yake ba ya jin Hausa, ya tambayi tafintan da ke tare da su ko akwai yaro a gidan. Tafinta ya gaya masa. Sai mutumin ya dafa kafaɗata.

Ana kankare ƙasar gidaje a lokacin, ana zubawa a buhu, ana kaiwa wani babban rami a bayan gari. Na ɗauko wuƙa na yanke saƙar, na yaye kujera da shimfiɗa, na wanke motar sau uku. Na san azurfa tana wankuwa, na san ba tawa ba ce. Na riƙe zoben a hannuna, na kasa. Na jefa su a buhu tare da ƙasar gidana, na ɗauka a kaina har ramin. Suna can ƙarƙashin ƙasa, an rufe. Wanga laifi nawa ne, amanar Alhaji ce na binne ba da izinin kowa ba, kuma ina neman gafararka.

Ka ce me ya hana ni faɗi a zaure. Da kunyar ɗiyar fari ce kaɗai, da na daure na karya ta a gaban Baba Shitu. Amma ka ga labulen nan. Abin da anka faɗa a zauren yana isa Gummi kafin ni. Sa'a ba ta sake haihuwa ba, kuma shekara huɗu ke nan abu ɗaya ne ke riƙe da ita. Duk sanda abin ya taso mata sai ta ce, "Ni dai Allah ya sani na tsare ta. Ban bari ta yi wasa cikin ƙasa ba, cikin mota nika aje ta." Ni kuma in ce haka ne. Ta ɗora laifin a kan injina, kuma nan ya kamata ya zauna. Wataƙila ko ba motar ƙasar gidan ta isa, ban sani ba, likita ma ba zai iya rabewa ba. Amma Sa'a ba za ta tsaya rabewa ba. Yanzu tana jin haushina, tana ganin na sayar da kayan mamaci na ja mana abin kunya. Tana cin abinci, tana barci, tana yi mini faɗa. Na gwammace haka.

Sunanta Habsu. Ban taɓa rubuta shi ba sai yau.

Na san halinka, jininka da zafi kamar na Alhaji. Za ka so ka hau mota ka tafi Anka ka wanke ni. Kada ka yi. Kada ka gaya wa Baba Shitu, kada ka gaya wa mai ɗakinka, kada ka aiko mini da kyauta ko takardar ban-haƙuri. In ka gama karantawa ka sa wa wagga wuta. Bikin gidan Ɗahiru yana tafe bayan girbi, za mu haɗu a can, Sa'a ma za ta zo. In ka gan ni kada ka taso da fara'a, za a tambayi dalili, ita ma za ta tambaya. Ka wuce ni kamar yadda ka wuce ni a ƙofar zaure. Wannan zan iya ɗauka.

Allah ya sa ka mori motar lafiya.

Yayanka,
Hudu